Sarkin da Ya Bar Babila Shekara Goma

Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya yalwata maka kabarinka, ya sanyaya maka shi, ya haɗa ka da iyayenka cikin rahama.

Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Babu adireshin da zan rubuta a bayan ambulan, babu akwatin da zan jefa ta. Amma shekara goma sha ɗaya na yi ina rubuto maka wasiƙa daga Funtua, lokacin da kake nan New York kai kaɗai, hannuna ya saba. Maganar da ke cikina kuma ba ta yara ba ce, ba ta maƙwabta ba ce. Taka ce. Shi ya sa na zauna a teburin kicin, yau Lahadi bayan la'asar, ina rubuta maka.

Bari in fara da labarin gida, kamar yadda na saba.

Kusan wata uku ke nan da na fita takaba. Ranar da na fita, Hajiya Ramatu, maƙwabciyarmu 'yar Kumasi ta hawa na huɗu, ta dafa shinkafa da wake irin tasu mai ja, ta raba sadaka a benen nan da sunanka. Ko cokali ba ta bari na taɓa ba. Lifta ta sake lalacewa, sati na biyu ke nan, kai kuma ka san gwiwoyina da hawa shida. A hawa na uku nake tsayawa in riƙe ƙarfe in huta. Sanyi ya shigo da wuri bana.

Na koma aiki wurin tsohuwar nan ta unguwar Flatbush da nake kula da ita. Jirgin ƙasa biyu zuwa, biyu dawowa. Kanta ya ƙara rikicewa. Sau uku na gaya mata ka rasu, sau uku tana kuka kamar ranar ta fara ji, washegari kuma ta tambaye ni yaya maigida. Yanzu cewa nake yi kana lafiya. Ya fi mana sauƙi, ni da ita.

Bilkisu tana nan, an mayar da ita sashen masu haihuwa a asibitinsu. Tana zuwa duk mako ta duba mini jini, in yi mata Hausa ta mayar mini da Turanci, kamar kullum. Nura yana nan filin jirgi a sashen kaya. Yaransa sun yi tsawo. Maganarsa tana gaba, don saboda shi na ɗauki biro.

Abokan aikinka na gidan tarihi sun zo gaisuwa. Malam Issaka, wanda kuka yi gadi tare shekara goma sha bakwai, ya kawo mini abin da ke cikin akwatin ajiyarka na wurin aiki: filas ɗin shayi, da sallaya, da baƙin takalmin aiki. Na juya takalmin na ga duk ya cinye ta gefe ɗaya. Ban taɓa tunanin yadda tsayuwa kaɗai take cin takalmi ba. Ya ce kullum roƙo kake a sa ka a ɗakin da zakunan nan na bulo suke, waɗanda aka ciro daga bangon Babila. Ya ce in 'yan makaranta suka shigo sai ka manta kai mai gadi ne, ka fara yi musu bayani, har shugabanku ya ja maka kunne sau biyu. Yana faɗa yana dariya yana share ido. Ni ban yi dariya ba. Malamin tarihi da ya koyar da ɗaruruwan yara a sakandare, a ce sai ya saci jiki kafin ya koyar? Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?

To, litattafanka. Guda goma sha huɗu na samu a kwalin da ke saman sif, duk da rubutun hannunka mai kwanciya gefe. Ka san ban taɓa buɗe ko ɗaya ba kana raye. Shekara da shekaru kana zaune a kujerar nan ta bakin taga kana rubuta tarihin sarkin Babila na ƙarshe da Hausa, ka ce kana so yaran gida su karanta da harshensu. Ni kuma in wuce ka da kwandon wanki in ce mutumin da ya bauta wa farin wata, ya mutu tun kafin kakannin kakanninmu, me zai ƙara mana? Sunansa ma har yau harshena bai kama shi ba. Kai kuwa “mutumina” kake ce masa, kamar tare kuka yi makaranta. In ka fara ba ni labarinsa sai in tuna na ɗora tukunya a wuta.

Takaba ce ta zaunar da ni. Wata huɗu da kwana goma babu jirgi, babu aiki, sai bango huɗu da 'yan gaisuwa da suke raguwa kullum. A sati na uku na hau kujera na sauko da kwalin. Na karanta su duka, daga na ɗaya har na goma sha huɗu. Tsohuwar malamar firamare ce ni, har kurakuran rubutunka na gani, na bar maka su yadda suke.

Ga abin da na fahimta. Da kana nan da ka gyara mini.

Mutumin nan ba ɗan sarki ba ne. Dattijo ne a fada, ya riga ya manyanta, sai manyan gari suka haɗa kai suka kashe yaron da ke kan gado, suka ɗora shi. Uwarsa mai bautar farin wata ce, ta haura shekara ɗari a duniya, shi ma ya biyo ta, alhali mutanen birnin wani gunki daban suke girmamawa. Tun daga nan suka fara saɓani da masu kula da ɗakunan bauta. Ba mai son yaƙi ba ne kamar na gabansa. Abin da ya fi so shi ne ya sa a tona tushen tsofaffin gine-gine, ya ga sunan sarkin da ya fara aza su, ya ƙirga shekarun. Da na karanta wannan wurin na ajiye littafin na ce, ashe ga inda kuka haɗu.

Sai kuma ya yi abin da ya ba kowa mamaki. Ya damƙa birnin a hannun babban ɗansa, ya kwashi runduna ya tafi Taima, can cikin hamadar Larabawa, ya zauna shekara goma. Bikinsu na sabuwar shekara ba ya yiwuwa sai da sarki a gari, don haka shekara goma ba a yi shi ba. Uwarsa ta mutu yana can, bai zo ba. Ɗan ne ya yi zaman makoki kwana uku da sojoji. Lokacin da ya ga dama ya dawo, ya tarar sarkin Farisa ya gama da maƙwabta, ya juyo kansu. Tsoro ya sa shi ya aika aka kwaso gumakan garuruwa duka aka tara a Babila, wai don kada su faɗa hannun abokan gaba. Mutanen garuruwan kuwa gani suka yi ya raba su da abin da suke dogaro da shi a ranar da suka fi buƙata. Aka gwabza sau ɗaya a bakin kogi, aka ci rundunarsa. Bayan 'yan kwanaki Farisawa suka shiga birnin nan mai ganuwar da ake cewa babu irinta a duniya, ba tare da yaƙi ba. Mutanensa ne suka tarbi baƙon da murna. Shekara goma sha bakwai ya yi yana mulki, goma daga ciki ba ya gida.

Malam, shin kana tsammani ban gane ba? Kai ma har ka ɗara shi da shekara ɗaya.

Karatun shekara biyu ka ce za ka zo ka yi. Ka bar ni da Nura yana da shekara tara, Aminu yana da biyu, Bilkisu tana ciki, ga Inna mahaifiyarka a ɗakin tsakar gida. Karatun ya tsaya a hanya, takardunka suka ƙare, ka koma jan tasi. Ka rubuto ka ce in ka fito ba za su sake bari ka shiga ba, mu yi haƙuri, lauya ya ce an kusa. An kusa ɗin nan muka ci muka sha shekara goma sha ɗaya. Ban kawo wannan don in yi maka gori ba. Da abin da kake aikowa muka ci, muka yi sutura, aka rufe ɗakin Inna da kwano. Na kawo shi ne don mu iso shekara ta huɗu, wadda ni da kai ba mu taɓa zama muka yi maganarta ba.

Aminu yana da shekara shida ya fara kumburi. Fuska da farko, sannan ƙafafu. Muka kai shi babban asibiti, likita ya kira ni gefe ya ce ƙoda ce, kuma ta yi nisa. Ya ce in akwai wanda ya kamata ya gan shi, a kira shi. Da bakinsa ya faɗa mini haka. Yaron nan bai san ka ba sai a hoto, wanda ka tsaya a cikin dusar ƙanƙara da babbar riga. Yana kwance da hoton a ƙarƙashin matashi, yana nuna wa masu jinya yana cewa babansa ne, yana Amurka, zai kawo masa keke.

Ka tuna ranar Alhamis ɗin da ka bugo waya gidan Alhaji maƙwabcinmu, aka aiko aka kira ni? Na tsaya a falonsu, matarsa tana zaune tana tsince shinkafa, kunnenta yana wurina. Ka ce ka ji labari, gobe za ka yanki tikiti, komai ya lalace ya lalace. Ni kuma na ce maka kada ka zo. Na ce ya ji sauƙi, kumburin ya sace, har ya ci tuwo. Na ce likita ya ce nan da sati za a sallame mu. Ka tambaye ni sau biyu ko na tabbata. Sau biyu na ce na tabbata.

Ƙarya na yi maka. Kwana biyu ke nan ko ruwa bai zauna masa a ciki ba.

Na daɗe ina tambayar kaina dalili. Na gaya wa kaina maganinsa daga hannunka yake fitowa, in ka dawo da me za mu saya? Na gaya wa kaina shekara huɗu na wahala kada su tafi a banza. Duk gaskiya ne. Amma akwai wani dalilin da ban taɓa faɗa ko a cikin sujada ba sai yanzu. Na ji kunyar a ce mijin Saude ya tafi Amurka ya dawo da jakar hannu kaɗai, babu digiri, babu komai. Matan unguwa suna ganina da atamfar da kake aikowa. Na tsaya a falon mutane, ɗana yana mutuwa, na auna abin da za a ce. Kuma na yi zaton Allah zai rufa mini asiri yaron ya tashi, ƙaryar ta zama gaskiya.

Kwana tara bayan wayar nan ya cika, da hantsi. Nura yana da shekara goma sha uku. Shi ya ɗauki ƙanensa a hannu cikin tabarma daga zaure zuwa mota, shi ya tsaya a bakin kabari inda ya kamata uba ya tsaya. Da suka dawo ya same ni a ɗaki ya tambaye ni ko an gaya wa Baba tun yaron yana asibiti. Na ce an gaya masa. Ya ce to me ya hana shi zuwa. Na ce aiki ne ya riƙe shi. Iyakar abin da na ce ke nan, kuma na ga lokacin da fuskar yaron nan ta rufe. Ba ta sake buɗe maka ba.

Bayan shekara uku Inna ta bi jikanta, Nuran dai ya sake tsayawa. Shi ke kai ni asibiti a bayan keke, shi ke zuwa makarantar Bilkisu in an ce a zo da uba, shi ke yanka ragon layya. Ya zama maigida ba tare da kowa ya tambaye shi ko yana so ba.

Kai kuma ka gane. Ba yaro ba ne kai. Wanda ya ci tuwo za a sallame shi ba ya mutuwa cikin kwana tara, kuma ƙaninka ya rubuto maka duk yadda aka yi. Na jira wasiƙar da za ka zage ni, ba ta zo ba. Wadda ta zo cewa ta yi Allah ya ba mu haƙuri. A satin farko da muka sauka ƙasar nan na fara ɗauko maganar muna wanke kwanuka, ka ce a bar ta, ta wuce. Ni kuma na yi saurin barinta, don na ji daɗin da ka ce haka.

Shekara goma sha tara muka zauna a gidan nan ina kallon yadda ɗanka yake gaishe ka. A tsaye a bakin ƙofa, makullin mota a hannu, kalma biyu, ya wuce kicin wurina. Ranar ɗaurin aurensa sai ya kira kawunsa a waya ya nemi shawara, kai kana zaune a falo da sabuwar riga. Ranar da aka haifi ɗansa na fari ka shirya ka yi masa huɗuba, ya miƙa wa liman. Kowane lokaci ina tsaye ina gani. Kalma ɗaya daga bakina ta isa ta sauke maka kayan nan, ban furta ba. Abin da ya fi muni, Malam, a can ƙasan zuciyata haushinka nake ji. Haushin me? Haushin ka yarda da ni. Ina cewa a raina uba na gaske da bai saurari mace ba, da ya hau jirgi kawai. Ni na hana ka, kuma ni nake riƙe da kai da laifin hanuwa. Wace irin mace ce wannan?

A littafi na tara na same ka kana jira na. Shafi arba'in ka cika kana kawo dalilan da masana suka bayar na zaman sarkin a Taima. Wasu sun ce hanyar fatake yake son riƙewa, wasu sun ce gudun rigimar masu bauta ya yi, wasu sun ce ciwo ne ya kama shi ya ɓuya. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba takardun jarrabawa. A ƙarshe ka ja layi, ka rubuta naka da jan biro: “Mai yiwuwa daga birni ake aiko masa cewa komai lafiya, ya yi zamansa. Amma wanda aka ce wa lafiya ya yarda, shi ma yana son ya yarda ne. Kada a ɗora wa mai aike. Sarki ya san hanyar gida.”

Na karanta wannan na rufe littafin, na yi kwana biyu ban iya cin abinci ba. Hajiya Ramatu ta zaci zazzaɓi ne. Ashe duk shekarun nan da kake zaune a bakin taga, kanka kake yi wa shari'a, kuma ka wanke ni tun ban roƙa ba? Me ya sa ba ka yi mini faɗa ba, ko sau ɗaya? Da ya fi mini sauƙi.

Littafi na goma gaba ɗaya a kan ɗan ne. Ka ce ya riƙe birni shekara goma ba tare da an taɓa kiran sa sarki ba. Shi ke jagorantar sojoji, shi ke sauraron ƙara, shi ya yi makokin kakarsa. Ka ce na baya ba su tuna shi da komai ba sai cewa a hannunsa gari ya faɗi, kuma wannan zalunci ne, don ba shi ya tafi ba. A nan rubutunka ya daina kwanciya gefe, ya miƙe, ka danna biro har ya huda takarda a wuri biyu. Ba ka ambaci sunan Nura ko sau ɗaya ba. Ba sai ka ambata ba.

Na gaya masa, Malam.

Farkon watan jiya ne, wata Asabar da rana. Ya zo ya cire mini na'urar sanyaya ɗaki daga taga kafin sanyi ya yi ƙarfi, aikin da kai kake yi da. Na yi masa tuwo da miyar kuka. Yana durƙushe yana kwance ƙusoshi, ya ba ni baya, na ga in ban faɗa a lokacin ba, ba zan taɓa faɗa ba. Na faɗa masa tun daga falon Alhaji har zuwa abin da na ce masa ranar jana'iza. Ban rage komai ba, har maganar atamfa. Bai juyo ba. Hannunsa ya tsaya kawai. Can ya tambaye ni abu ɗaya: “Umma, Baba ya san ƙarya kika yi masa?” Na ce ya sani tun a watan. Ya ce, “Kuma ya bar ni ina yi masa abin da nake yi masa?” Na ce ya bar ka.

Ya ƙarasa aikinsa. Ya ɗauki na'urar shi kaɗai ya kai ta ɗakin ajiya, ya rufe tagar, ya share ƙurar da ta zuba, ya wanke hannu. Tuwon yana kan tebur a rufe, bai kalle shi ba. Ya ce sai anjima, ya sauka.

Sati uku ban ji muryarsa ba. Matarsa Maryam ce take kawo yaran, tana kame-kame tana cewa aiki ya yi masa yawa. Ban ga laifinsa ba. Lokacin da kake kwance a asibiti watannin nan na ƙarshe, ya zo duk ranar da ya kamata ya zo, ya yi magana da likitoci, ya sa hannu a takardu. Shi ya yi maka wanka, shi ya sa ka a kabari. Duk ya yi, ido a bushe, kamar mai sauke aikin da aka ba shi. Yanzu na zo na ce masa mutumin da ya hukunta shekara ashirin da shida ba shi ne mai laifin ba, kuma na jira sai da ƙasa ta rufe shi sannan na faɗa. Ina zai kai wannan? Wa zai je ya ba haƙuri?

A sati na huɗu ya zo. Bai zauna ba. Ya ce Bilkisu ta ce akwai litattafai. Na miƙa masa na tara da na goma, ya karɓa ya sauka. Na leƙa ta taga na ga motarsa a ƙasa, ta fi awa guda ba ta motsa ba, har mai cin tarar masu ajiye mota ba daidai ba ya zo ya ƙwanƙwasa masa gilashi. Maryam ta gaya wa Bilkisu cewa duk ranar hutunsa yanzu yana tuƙi zuwa maƙabartar nan ta New Jersey, shi kaɗai. Ban san abin da yake gaya maka ba. Ina fata yana gaya maka wani abu.

Ni kuwa yana gaishe ni. Bai yanke ni ba, Allah ya yi masa albarka. Yana zuwa, ya tsaya a bakin ƙofa, makulli a hannu, ya ce Umma ina wuni, akwai abin da ake buƙata? In ce babu, ya ce to. Na san gaisuwar nan. Na gan ta shekara goma sha tara daga kicin. Sati uku kacal na yi ina karɓarta, kuma har ta fi ƙarfina. Kai yaya ka yi? Yaya kake tashi ka sa takalmin nan ka tafi ka tsaya wuni guda, ka dawo ka yi wa jikokinka wasa?

Bilkisu tana so ta buga litattafan a kwamfuta, ta ce ko kwafi hamsin ne a yi a aika gida makarantar da ka koyar. Na ce ta yi. Ta tambaye ni yadda za a yi da ƙarshen, don littafi na goma sha huɗu bai cika ba. Ka tsaya daidai inda aka kamo sarkin aka kawo shi gaban sarkin Farisa. Ka rubuta cewa wasu sun ce an kashe shi, wasu sun ce an yi masa afuwa aka tura shi wata ƙasa mai nisa, ya tsufa a can cikin baƙin mutane. Daga nan sai fararen shafuka. Ban sani ba ko ciwon ne ya tsayar da kai, ko ka kasa zaɓa ne. Na ce mata ta bar shi yadda ka bar shi. Ba ni da bakin da zan yanke wa kowa hukunci.

Na gaji, Malam. Ba gajiyar jirgi da matakala kaɗai ba. 'Yan'uwa suna ta kira daga gida suna cewa in tattara in koma, me ya rage mini a nan? Wani lokaci har na fara tunanin abin da zan ɗauka da abin da zan bayar. Amma ɗana ɗaya yana kwance a Funtua, mijina yana kwance a New Jersey, ɗayan ɗan kuma yana tsaye a bakin ƙofata bai shigo ba tukuna. Ina zan tafi in bar shi a tsaye? Zan zauna. In ya ɗauke shi shekara ashirin da shida, in Allah ya ba ni kwanan, zan jira. Kai ka jira ba tare da laifi ba.

Saura abu ɗaya. Da safiyar ranar da za ka cika, ka kama hannuna ka ce in yafe maka. Na ce na yafe, duniya da lahira. Ka ci gaba da kallona, ba ka saki hannun ba. Na san abin da ya kamata in ce. Bakina ya buɗe, sai ma'aikaciyar jinya ta shigo da na'urar awo, na matsa mata gefe, na ce a raina in ta fita zan faɗa. Ta fita, na gyara maka bargo, na tambaye ka ko za ka sha ruwa. Kafin azahar ka tafi. Ba ita ta hana ni ba. Ni ce na samu wurin ɓuya na ɓuya, kamar yadda na saba.

To ga shi yanzu, a makare. Ka yafe mini. Ka yafe mini wayar nan, ka yafe mini shirun da ya biyo bayanta, ka yafe mini ɗanka da na raba ka da shi kuna gida ɗaya. Ka yafe mini duk tukunyar da na tuna da ita lokacin da kake son ka ba ni labari, alhali ashe labarinmu kake ƙoƙarin ba ni.

Magariba ta kusa, zan tashi in yi alwala, in goge kayan aiki, gobe Litinin. Ina yi maka addu'a a kowace salla, kai da Inna da yaron. Idan Allah cikin rahamarsa ya haɗa ka da Aminu, zai gane ka, ya riƙe hotonka har ƙarshe. Ka gaya masa ka so ka zo. Ka gaya masa ni ce na ce kada ka zo.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta.

Matarka,
Saude